Godiyar da na kai wa mijin Anti Malia

Aikin da ya kai ni Faransa aikin tattara gaisuwa ne. Duk wanda na faɗa wa haka a Maraɗi sai ya yi dariya, ya ce ai da na zauna gida, nan ne gaisuwa take da arha. Ni ma dariyar na taya su a lokacin. Amma gaisuwar nan da godiya su suka kusa kashe wata mata mai suna Malia a wata unguwa ta bayan Lyon, kuma ni na ɗauke su da ƙafata na kai har ƙofar ɗakinta. Abin da zan ba da labari ke nan, zango zango, yadda ya faru.

Zangon farko Château Rouge ne, wata unguwa a Paris, a tsakiyar shekarun casa'in, farkon sanyi. Tun kafin in fito daga metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, aka yi mini maraba. Wani mutum baƙi kamar ni ya ga ina fama da akwati da jaka, ya ce ɗan'uwa kawo in kama maka. Na miƙa masa har da godiya. Muna kai matakala ya zura da gudu, na bi shi ina ihu, santsi ya ɗebe ni na kifa da baki a kan ƙarfen matakala. Jini yana zuba, mutane suna kewaye ni suna wucewa, babu wanda ya ce mini sannu. Rigar sanyina da kilishin da uwata ta ƙulla duk suna cikin akwatin.

Alhaji Mamman, mahauci, aminin mahaifina, shi ya sauke ni a bayan shagonsa, tsakanin firiji da buhunan shinkafa. Ya wanke mini leɓe da ruwan gishiri yana faɗa.

"Lawali, nan ba Maraɗi ba ta. Ba a gaida mutane banza, ba a ba mutum kaya banza. Ka riƙe gaisuwarka ga aljihu sai ka ga wanda ya cancanta."

Na ce to. Amma washegari da na shiga metro sai da na yi wa mutanen ciki sallama, don bakina bai iya shiru ba. Wata tsohuwa ta janye jakarta.

A jami'a malamarmu, wata siririya da sigari ba ya rabo da yatsunta, ta raba wa kowane ɗalibi harsuna biyu. Aikin shi ne ka nemo mai harshen, ka ɗauki maganarsa ta yau da kullum a kaset: yadda yake gaisuwa, yadda yake godiya, yadda yake kiran mutum cin abinci. Ni aka ba ni Sesotho da harshen Hawai. Wallahi ranar ban san inda ko ɗayansu yake a taswira ba. Ta ɗora mini wani manyeto, wato na'urar ɗaukar magana, mai nauyin tsiya da sunaye biyu a takarda, ta ce in babu kaset biyun a ƙarshen shekara babu sabuwar rajista. Kowa kuma ya san in babu rajista babu katin zama.

Zango na biyu Stains, a bayan Paris. Can na samu ɗaki, kuma can na yi alkawari da mai Sesotho, wani Ntate Teboho, cewa mu haɗu a tashar jirgi da la'asar. Ina zaune a benci da manyeto a cinya sai ga samari uku, kawuna kwal-kwal, takalma irin na soja. Ɗaya ya tambaye ni inda na sato na'urar. Ni kuma zuciya gare ni, na ce ya je ya tambayi ubansa. Ban rufe baki ba takalmi ya same ni a haƙarƙari. Na faɗi na rungume manyeton, don na jami'a ne, suka yi ta shurina ta ko'ina. Na ji haƙorina ya karye a cikin bakina, na ji wani abu ya ce ƙas a gefen hagu.

Daga ƙasa na hango wani dattijo lulluɓe da bargo mai zane, an maƙale shi da babban fil a kafaɗa, yana tafe a hankali da sanda a hannu. Ya tsaya kansu ya ɗaga hannu ya gaishe su, ya ce, "Khotso." Sai ya tambaye su da Faransancinsa na koyo, daga ina kuke, ina za ku? Suka kwashe da dariya. Na farkon ya kai hannu zai fizge bargon, sandar ta sauka a tsintsiyar hannunsa da ƙara irin ta busasshen icce. Na biyu ya sha a gwiwa ya durƙushe. Na ukun ya zaro wuƙa, dattijon ya naɗe bargon a hannun hagu ya tare, ya ɗirka masa sanda a kunne, jini ya yi tsartuwa har kan gilashin tasha. Suka ja juna suka gudu, ɗaya yana ɗingishi.

Ashe dattijon shi ne Ntate Teboho. Ya tsuguna gabana ya ce, "U phela joang?" Ya fassara mini: yaya kake rayuwa? Na tofar da guntun haƙori na ce ai kana gani. Ya ce a'a, a ƙasarsu ko an fasa maka kai amsar ɗaya ce, "Ke phela hantle," ina rayuwa lafiya. Na ce ashe 'yan'uwanmu ne ku, mu ma ko gawa ke gabanmu lafiya lau muke cewa. Dariyar da na yi ta kusa sumar da ni saboda haƙarƙari.

Makonni uku ina kwance yana zuwa, ina kunna manyeto yana magana. Ƙasarsu Lesotho duwatsu ce zalla, a tsakiyar Afirka ta Kudu, har ƙanƙara tana sauka, shi ya sa namiji ba ya fita babu bargo. Sandar kuma, molamu, tun suna kiwo suke koyon faɗa da ita. Shi ya yi shekara goma sha a ramin zinari kafin ya koma aikin coci. Ya ce 'yan mishan daga Paris ne suka fara rubuta harshensu, shi ya sa aka kawo shi ya karanta tsofaffin wasiƙun da ke ajiye. Kowane namiji Ntate ne, wato baba, kowace mace 'M'e. Ba a wuce mutum a hanya sai an gaishe shi an tambayi inda ya fito. In taro ya tashi sai a ce khotso, pula, nala: zaman lafiya, ruwan sama, wadata. Na ce masa wannan ai addu'ar manoman Maraɗi ce. Ranar na yi kukan gida a gabansa, ya ja bargonsa ya rufa mini ƙafa.

Da na warke na yi abin da aka koya mini. A wajenmu in mutum ya yi maka alheri ba ka tsayawa ga godiyarsa shi kaɗai. Sai ka je wa na gaba da shi, uba ko yaya ko miji, ka faɗa masa abin da nasa ya yi, ka ce a taya ka godiya. Wanda bai yi haka ba, ba a ce ya samu tarbiyya ba. Na karɓo cinyar rago a wajen Alhaji na kai wa faston da ya sauki Ntate, na zayyana masa komai. Faston ya ji daɗi, Ntate kuwa har da ƙwalla. Na fito ina jin kaina, ina cewa ashe al'adarmu tana ci ko'ina.

Zango na uku Lyon. Suna na biyu a takardar malamarmu shi ne Malia, a Rillieux-la-Pape. Ntate ya ce zai raka ni, don har lokacin ba na iya saɓa manyeto a kafaɗa. Matar ta aiko da wasiƙa ta hannun wata maƙwabciya, layi uku: mu haɗu a ɗakin taron unguwa da ƙarfe goma na safe, kada in buga mata waya, kada in zo gidanta.

Unguwar dogayen benaye ce iri ɗaya a kan tudu, iska tana yanka fuska. Matar ta shigo, ƙatuwa, shekara hamsin da wani abu, da gyale naɗe a wuya duk da ɗumin ɗakin. Ta ce in kira ta Anti, haka ake kiran kowace babbar mace a tsibirinsu. Da na kunna manyeto sai ta tsura masa ido. Can ta ce, "Aloha kakahiaka," barka da asuba. Ta rufe baki da hannu. Ta ce shekara ashirin da shida ke nan tun da ta auri wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe mai suna Rene ya kawo ta nan, kuma tun ranar ba ta furta kalmar nan da ƙarfi ba. Na tambaye ta dalili. Ta ce maigidanta ba ya son hayaniya.

Safiya huɗu muka yi. A ta biyu ta saki jiki, a ta uku sai da na roƙe ta ta rage gudu. "Pehea 'oe?" yaya kake. "Maika'i," lafiya. "Mahalo," na gode. "E komo mai," shigo. Ta ce harshen nasu ɗan haruffa kaɗan ne amma baki yana cika da shi. Kakarta, wadda take kira tutu, ita ta koya mata a ɓoye, don a zamanin kakar an hana shi a makaranta, yaron da ya yi shi bulala ce, har mutane suka riƙa jin kunyar koya wa 'ya'yansu. Ta ce ta ji labarin yanzu an fara buɗe wa ƙananan yara makarantu da harshen, shi ya sa ta amsa kiran malamarmu. Ta tashi tsaye ta nuna mana yadda kakarta take tsayawa a ƙofa ta ƙwala wa duk mai wucewa kira, "Hele mai 'ai!", zo ka ci, ko da a ce babu komai a tukunya sai gishiri. Ta ƙwala shi da dukan ƙirjinta, har mai shara ya leƙo. Ntate ya buga sandarsa a ƙasa don murna.

Na ga wani shatin rawaya a tsintsiyar hannunta da ta ɗaga hannu. Na gani sarai. Na ce wa kaina buguwa ta yi da ƙofa.

Ranar ƙarshe ta zo da kwano, kaza da alayyafo a ruwan kwakwa, ta ce a wajen mahaucin Larabawa ta sayo saboda ni. Ta kuma ba ni rigar sanyi da ta saƙa, don ta lura da wadda nake sawa. Tun da na zo ƙasar ban ci abincin da aka dafa domina ba sai ranar. Abin ya tsaya mini a rai. Na ci abincin matar mutum, na sa rigar da ta saƙa, na zauna da ita kwana huɗu, mijinta bai san fuskata ba. Na ji kamar ɓarawo.

Na shiga rumfar waya na kira Alhaji. Bayan gajeriyar gaisuwa na faɗa masa.

"Kai Lawali! Kwana huɗu kana zamne da matar mutum, ka ci tuwonta, ba ka gaida maigida ba? Kai ɗan wa na? Tahi ka gaishe shi, ka yi mishi godiya, kar ka ba mu kumya."

Ba zan ɗora wa Alhaji ba. Tun kafin in ɗaga wayar na riga na yanke.

Ntate ya ce, "Amma 'M'e ta ce kada a je gidan."

Na ce, "Kunya ce irin ta mata, Ntate. Ba ta son a ga talaucinsu. Ni na san mata."

Ni da ko budurwa ban taɓa yi ba. Ya juya sandarsa, sannan ya ce gaskiya ko a ƙasarsu baƙon da ya shiga gari bai gaida maigida ba, ana yi masa kallon ɓarawon shanu. Da wannan muka rufe maganar.

Ranar Asabar da azahar na sayi dabino kwali ɗaya. Na riga na ga benen da take shiga, sunan mijin kuma yana kan akwatin wasiƙa. Na'urar hawa ta lalace, Ntate ya ce gwiwarsa ba za ta iya hawa bakwai ba, zai jira ni a benci. Na hau da manyeto a kafaɗa, sanye da rigar da ta saƙa.

Rene ya buɗe ƙofa, gajere mai kauri, da singileti, zane-zanen allura har wuya. A bayansa na hango Anti Malia riƙe da faranti. Da ta gan ni fuskarta ta koma kamar toka. Ta girgiza mini kai a hankali. Na ɗauka kunyar ce, na yi mata murmushi.

Na gaishe shi gaisuwa cikakkiya. Na faɗa masa sunana da garinmu. Na ce na zo ya taya ni godiya, matarsa ta yi mini abin da uwa ce kaɗai take yi, ta ba ni safiya huɗu, ta ciyar da ni, ga rigar da ta saƙa mini. Na ce ya yi dace da mata. Kuma don ya ji da kunnensa, na danna manyeto. Muryarta ta cika matakalar benen, tana ƙwala kiran nan na kakarta, tana dariya, ga dariyata da ta Ntate a baya.

Ya saurara har ƙarshe. Ya yi murmushi, ya karɓi dabino, ya ba ni hannu, ya ce ya gode ƙwarai. Ya rufe ƙofa a hankali, na ji ya murza makulli. Na juya ina sauka ina cewa a raina, ka ga mutumin kirki.

Hawa ɗaya na sauka na ji farantin ya tarwatse. Sai wani ƙara mai nauyi, kamar an yar da buhu. Sai muryarta, sau ɗaya, aka datse ta a tsakiya.

Na koma da gudu na yi ta dukan ƙofa da hannu da ƙafa. Ƙofofi huɗu ne a hawan, na buga kowace, babu wadda aka buɗe, a ɗaya ma ƙara sautin talabijin aka yi. A ciki dukan bai tsaya ba, tim, tim, yana yi yana magana ƙasa-ƙasa. Na fasa tagar matakala da gwiwar hannu na ƙwala wa Ntate kira. Mutumin da ya ce ba zai iya hawa bakwai ba, ban san lokacin da ya iso ba. Muka haɗa kafaɗa, a karo na huɗu katakon ya tsage.

Tana kwance a kicin, ya danne ƙirjinta da gwiwa, hannu ɗaya a maƙogwaronta, ɗayan riƙe da dutsen guga. Bakinta ya karkace gefe, jini ya jiƙa gyalen. Na faɗa kansa ta baya. Ya kai mini gwiwar hannu a hanci, na ji ya fashe, ya kamo gashina ya buga kaina da bakin wurin wanke-wanke sau biyu. Ina ganin duhu-duhu na ga bargon Ntate ya shigo. Wannan karon bai gaida kowa ba. Sanda ta farko ta karya hannun da ke riƙe da dutsen guga, na ga ƙashin ya turo fata. Ta biyu a kafaɗa, ta uku a ka. Rene ya kife, Ntate ya ɗaga ta huɗu da hannu biyu. Na rarrafa na rungume ƙafafunsa ina cewa Ntate, za ka kashe shi, za ka kashe shi. Ya tsaya yana haki, sandar a sama, sannan ya sauke ta. Ya cire bargonsa ya rufa wa matar, wadda numfashinta yake fita da wani irin gurnani. Sai a lokacin maƙwabciyar nan mai kawo wasiƙa ta fito ta kira motar asibiti.

Kwana biyu muka yi a tsare ana tambayarmu. Rene ya rayu, daga baya aka ɗaure shi. Ntate kuwa aka ce ya bar ƙasar kafin wata ya ƙare, ya bar wasiƙun da ya zo karantawa ko rabi bai kai ba. Da na ba shi haƙuri ya ce in bari, mu biyu muka yanke shawarar. Ya ce akwai wadda ta fi shi cancantar haƙurin.

Sai da aka yi kwana tara aka bar ni na gan ta. Kafin in je na yi ta juya kaset ina neman yadda ake ba da haƙuri a harshensu, na same shi a ɗaukar safiya ta biyu, inda take cewa abin da za ka faɗa ke nan in ka taka ƙafar mutum. Ma'aikaciyar jinya ta tare ni a ƙofa ta ce an ɗaure muƙamuƙin da waya, wannan zai warke, amma maƙogwaron ya murƙushe, likitoci ba sa tsammanin muryar za ta dawo.

Na tsaya gefen gado da filasta a hanci. Ido ɗaya kawai take iya buɗewa. Na ce, "E kala mai, Anti." Na maimaita. Na ji ƙanƙantar maganar a bakina, amma ita kaɗai gare ni.

Ta jawo wani ɗan allo da aka ajiye mata, ta yi rubutu a hankali, ta juyo mini da shi. "Wa ya aiko ka?"

Na so in ce Alhaji. Na so in ce Ntate ma ya yarda. Na ce, "Babu kowa. Haka aka koya mini a gida, in an yi maka alheri ka je ka faɗa wa maigida."

Ta daɗe tana kallona da idon nan ɗaya. Ta goge allon da gefen hannu, ta rubuta kalma guda: "Kaset."

Shi kaɗai ne, ban kwafa ba, kuma na san abin da rashinsa yake nufi ga rajistata da katin zamana. Na ciro shi daga aljihu na sa mata a tafin hannu. Ta tura shi ƙarƙashin matashi, ta juya fuskarta ga bango. Na tsaya ina jira ko za ta juyo, har ma'aikaciyar ta zo ta taɓa kafaɗata ta nuna mini ƙofa.